Zoben Toka a Gonar Dakwara

Ranar da Baba Sa'id ya zo gidanmu na unguwar Hausari a Maiduguri da maganar zuwa gaban alƙali, ni na kawo masa shayi, kuma saura kaɗan in juye masa shi a babbar riga. Ƙanen mahaifina ne, mutum mai sanyin murya, amma in ya kafe a kan magana sai dai kai ka gaji ka bari.

"Ya Gumsu," ya ce wa mahaifiyata, "shekaru sun tafi. Ke ba matar aure ba, ke ba mai takaba ba. Shi kuma Yaya Umara, in ya riga mu gidan gaskiya, ko addu'ar mamaci ba mu yi masa ba. Na ga malamai a unguwar Shehuri. Alƙali zai saurare mu ranar Litinin ta sama, ya yanke cewa ya rasu, ki shiga takaba, mu yi masa sadaka kamar kowane musulmi."

Ya, kamar yadda muke kiran mahaifiyata, sai gyara bakin mayafi take. Ni kuwa na ce, "Baba, wa ya ga gawarsa?"

"Bintu, wa ya ga ransa?"

Tambayar nan ta fi komai ƙona mini rai.

Mu mutanen Malumti ne, can arewa. Da masu bindiga suka mamaye yankin, mahaifina, Ba Umara, ya kwaso mu ya kawo Maiduguri, ya kama mana ɗakuna biyu. Bai iya zaman birni ba. Da lokacin tsaga dakwara ya yi, wato itacen da ke zubar da ƙaro, sai ya ce zai leƙa gonarsa ya dawo. Bayan tafiyarsa hanya ta rufe, aka karya turakun waya, labari ya yanke. Tun daga nan babu wanda ya zo mana da daɗi ko da baƙin ciki.

Ni dai na yi karatu, na samu aiki a wani ƙaramin ofis da ke zana taswirar gobarar daji. Tauraron ɗan'adam yana wucewa ta samanmu da hantsi bayan 'yan kwanaki, ya ɗauki hoton ƙasa, mu kuma mu sauke a kwamfuta. Inda wuta ta ci yakan fito baƙi ƙirin, sai mu zagaye tabon, mu auna faɗinsa, domin makiyaya su san inda ciyawa ta rage kafin su koro dabbobi a banza. Shugabata Malama Phoebe ce, 'yar kudancin Borno, mace mai tabarau da saurin magana, wadda ba ta yarda da "kamar" ko "wataƙila" a bakin ma'aikaci.

A makon nan ne aka ce mu faɗaɗa aiki zuwa arewa, wuraren da ƙafa ba ta zuwa. Malama Phoebe ta turo mini hotunan ranin bara ta ce in fara. Ina jan hoto ina jan hoto, sai ga lanƙwasar busasshen rafin Malumti. Gobarar bara ta share yankin kaf, baƙi ko'ina, har kangon garin bai tsira ba. Amma yamma da rafin akwai wani fili da wuta ta zo bakinsa ta tsaya, ta raba biyu, ta zagaye shi ta wuce. Na san wurin ko a mafarki, gonar dakwarar Ba ce.

"Malama," na ce, "zo ki ga wani abu."

Ta leƙo ta saman tabarau. "Wuta takan tsallake wuri, Bintu. Iska ce ta juya."

"Iska ba ta yin kusurwa."

Ta ja kujera ta zauna. Muka koma baya, zuwa hotunan ƙarshen daminar bara, tun ciyawa ba ta gama bushewa ba. Ga shi nan, wani siririn layi baƙi ya kewaye gonar kamar bakin faranti. Na'urarmu ba ta ƙirga irin wannan, don ta ɗauke shi datti ne a hoto, sai ido ya nema. Muka duba bara waccan, yana nan. Muka duba ta gabanta, yana nan.

Na san wannan layin. Manoman ƙaro a wajenmu da fartanya suke share gefen gona don tare gobara. Ba kuwa ya ce fartanya ɓata lokaci ce. Da ruwa ya ɗauke, sai ya fita da sassafe kafin iska ta tashi, ya cinna wuta a ɗanyar ciyawar gefe, yana bin ta da ɗanyen reshe yana kashewa, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya haɗe zobe. In babbar gobara ta zo da rani, ta tarar an riga an cinye mata abinci. Mutanen gari har tsokanarsa suke, wai Umara mai kashe wuta da wuta.

"Buɗe na bana," in ji Malama Phoebe.

Na buɗe na baya-bayan nan. Layin ya fara daga kudu, ya hau ta yamma, ya tsaya a arewa. Gefen gabas babu komai tukuna.

Ta cire tabarau ta dube ni. "Abin da hoto ya ce shi ne akwai hannu a wurin. Bai faɗi hannun wa ba. Kada ki ɗora masa abin da bai faɗa ba."

Na ce na ji. Ban ji ba. Na buga hotunan a takarda, na tari keke napep, ko canji ban tsaya karɓa da kyau ba, na aika a kira Baba Sa'id.

Ya zo bayan la'asar, ya zauna a tabarma, ya juya takardun sama da ƙasa. Na yi masa bayani dalla-dalla: wannan rafi, wannan kango, wannan baƙin duk ƙuna, wannan layin kuma aikin mutum. Ya saurara har na gama, don shi ba ya katse mutum, jira yake ka ƙare ya rushe ka a tsanake.

"'Yata, ƙaro abin nema ne. Duk wanda ke cikin dajin nan zai so itacen ya rayu. Kuma kafin mu baro gari, mutum nawa suka koyi wannan dabarar a wurin Yaya? Kina so uwarki ta ƙara shekaru tana jiran layi a takarda?"

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya yadda ban taɓa yi masa ba. Na ce shi ya gaji da jira, ba mu ba. Ya sunkuyar da kai bai rama ba, abin ya ƙara ba ni haushi, don na san ba mugunta ta kawo shi ba. Shi ma ɗan'uwansa ne.

Duk wannan Ya tana gefe. Ba ta yi boko ba, taswira kuwa ba ta taɓa riƙewa ba. Ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni na bara." Ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta tambaye ni ina gabas. Na nuna mata. Ta ɗora yatsa a layin tana bi a hankali, har ta zo gefen gabas, inda ya bar iyakar gona ya yi waje, ya zagayo wani ɗan wuri, ya dawo. Ni na ga wannan kumburin tun a ofis, na ɗauka rami ko dutse aka kauce wa.

"Nan babu dakwara," ta ce. "Aduwa ce guda ɗaya."

"To me ya sa aka sa ta a ciki?" na tambaya.

Ta ce, "Yagana ce a ƙarƙashinta. Yayarki. Ko yaye ta ban yi ba. A shekarar nan rafi ya cika ya raba mu da maƙabarta, sai babanki da kakarki suka sa ta a nan. Kai Sa'id kana makaranta a nan Yerwa lokacin. Ba mu sa alama ba, ba mu nuna wa kowa ba. Kakarki kuma ta rasu."

Ban taɓa sanin ina da yaya ba. Na tsaya da takarda a hannu kamar wadda aka aika ta manta saƙo.

Baba Sa'id ya share fuska da tafin hannu. Muryarsa ta sauya, amma bai sauka ba. "Na yarda bara shi ne. Allah Ya sa. Amma Ya Gumsu, bara ba bana ba ce. Dubi na bana, gabas ɗin fayau. In wani ne ya gaji aikin, zai bi iyakar gona ya miƙe abinsa."

"In kuma shi ne, zai karkata," na ce. "Tauraron zai sake wucewa kafin Litinin. Ka ba ni zuwa lokacin."

Ya ce ya ba ni.

Wucewar farko gajimare ya rufe yankin, fari fat, ragowar damina da ba ta ga ranar zuwa ba sai wannan. Na zagi gajimaren nan zagin da Malama Phoebe ta ce in fita in sha iska. Da na dawo na tarar ta nemo hoton wani tauraron daban, amma nasa bai da kaifin da zai nuna siririn layi. Na ce zan jira na gaba. A gida Ya ta daina cin abincin kirki, ni kuma na hana kowa ambaton Litinin.

Na gaban ya faɗo ranar Lahadi, ba aiki. Malama Phoebe ta taso daga coci da kayanta na ado, ta buɗe ofis, muka zauna muna jiran hoton ya sauka, layin intanet yana ja kamar ba ya so. Da ya buɗe, sama tas. Ban iya dubawa ba, na ce ta duba.

Ta matso da gonar. Sannan ta ce, "Layin ya sauko ta gabas. Ya bar iyaka ya yi waje." Ta ƙara matsowa. "Ya zagayo ya dawo. Wannan ƙunar sabuwa ce, Bintu, ta makon nan ce. Ban ce kamar ba."

Na yi kuka a kafaɗarta har na ɓata mata ɗankwali.

Baba Sa'id yana gidanmu na iso, don ya kasa zama a nasa. Na ajiye takardar a gabansa. Ya bi layin da yatsa yadda ya ga Ya ta yi, ya zo kan aduwar ya tsaya. Kafaɗunsa suka soma girgiza. Can ya miƙe, ya nemi takalmansa, ya sa ɗaya a ƙafar da ba tasa ba.

"Zan je Shehuri in ce a janye maganar," ya ce. "Daga nan kuma in nemi direbobin da ke bin ayarin sojoji zuwa arewa. Wani zai san wani. Ya Gumsu, ki yafe mini."

"Je ka, Sa'id. Allah Ya ba da sa'a."

Da ya fita ta juyo gare ni. Idonta a bushe, ni ce mai hawaye. Ta ce, "Abin nan naku, in ya ɗauki Malumti, yana ɗaukar Maiduguri?"

"A wucewa ɗaya, Ya. Amma ba ya ganin mutum, mun yi masa ƙanƙanta."

"Ban tambaye ki wannan ba. Yaushe zai sake wucewa?"

Na gaya mata ranar, na ce da hantsi ne.

Ranar na makara ban tafi ofis da wuri ba. Ina ɗaure jaka na ji ƙamshin turaren wuta, wanda rabon gidanmu da shi tun muna Malumti. Na leƙo. Ya ta yi wanka, ta naɗa laffayarta mai ruwan goro, ta fito tsakar gida inda babu inuwa ta tsaya, rana na dukanta.

"Ya, zafi fa."

"Yi tafiyarki aiki," ta ce. "Babanki yana gona yanzu. A ɗauke mu tare."