Shawarar Baba Mai Nasara

Nazir ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar shagon Baba Mai Nasara da ke Zango, ya kakkaɓe wandonsa yana yatsina. Tun daga lise, makarantar sakandaren da yake koyarwa, ɗan kabu-kabun nan yake zuba masa surutu kan tsadar mai, sai ka ce an tambaye shi. A ransa ya ce, saura ƙiris dai in rabu da ku.

Jami'o'i biyu suka karɓe shi ya yi doktora kan ƙasar noma. Ɗaya tana Kanada, har da bursu, wato tallafin kuɗin karatu. Ɗaya kuma a Yamai, inda za a riƙa turo shi Hamdara yana haƙa ramuka a gonakin mutane. Hamdara kuwa can aka binne cibiyarsa, abin da ya tsani a tuna masa ke nan. Yau ce ranar ƙarshe ta ba da amsa, shi kuwa tun ranar da saƙon Kanada ya shigo ransa ya riga shi can. Amma ɗan riƙo ba ya tsallake wanda ya riƙe shi. Mai Nasara ƙanin mahaifinsa ne, shi ya ɗauko shi daga ƙauye yana maraya ya sa shi lekol, makarantar boko. Dole a zo a durƙusa a ce an zo neman shawara.

Ya tarar da tsohon zaune kan buhun shinkafa, da 'yan zaman shagon nan da ba su da aiki sai shan shayin wani: Habu dillalin awaki da Malam Yakuba. Nazir ya dube su ya ji tausayin kansa. Mutanen da duniya ta ƙare musu tsakanin Agadas da Kano, su ne za a yi maganar doktora a gabansu!

"Mushe ne da tsakar rana? Lafiya dai?" in ji Mai Nasara, yana kiransa yadda ake kiran malaman lekol.

"Lafiya lau, Baba. Shawara na zo nema."

Ya zayyana musu guraben biyu. Da ya zo kan Kanada sai ya ga Habu ya ajiye kofi ya buɗe baki. Duk Zango an san bakin Habu, in ya yaba wa akuya da safe to a nemi wuƙa kafin la'asar. A aji Nazir dariya yake yi wa yaran da suka yarda da irin wannan, amma aji daban, Kanada daban. Ban da haka ma, yaro mai tarbiyya ba ya nuna zalama gaban babba. Baƙo cewa yake ya ƙoshi, sai mai gida ya matsa sannan ya sa hannu. Shi ma haka ya shirya: ya kushe, a matsa masa, ya karɓa kamar dole aka yi masa.

"Ita Kanadan ba wani abu ba ce, Baba," ya ce yana kallon ƙasa. "Sanyi ne kawai mai kashe mutum. Ba ka jin kiran salla, abinci ma sai ka yi ta bincike. Mutum ya mutu can wa zai wanke shi?"

"Subhanallahi," in ji Malam Yakuba.

"Yamai kuwa gida ce. Ga shi aikin ma a Hamdara za a yi shi, kusa da kabarin mahaifina."

Shi kansa ya ji daɗin yadda maganar ta fito. Ya jira a ce masa, haba Nazir, wa yake ƙin ƙasar waje?

Mai Nasara ya daɗe yana kallonsa. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

"Har cikin ranka haka kake gani?"

"Ni dai abin da ka ce, Baba."

"To, tunda haka ne, Yamai ɗin. Allah ya sa albarka. Malam, yi mana fatiha."

Kafin Nazir ya haɗiye yawu hannuwa sun tashi sama. Shi ma ya ɗaga nasa, ya shafa. Habu ya kama hannunsa yana girgizawa.

"Ka ga ɗan halak! Wasu da sun ji ƙasar Nasara ko takalmi ba za su tsaya ɗauka ba."

Ƙofa ba ta rufe ba tukuna. Da ya ce, Baba, a sake dubawa, da an sake. Amma ya janye maganarsa a gaban dillalin awaki? Ya roƙi mutumin da ko sunansa ba ya iya rubutawa sai dangwale? Ya yi godiya ya fita, yana zagin jahilci a zuci tun daga Zango har sibar, shagon intanet da ke kusa da tasha. Tsoho an ba shi girma ya kasa ganewa. Ko yaron goye ya san in an ce an ƙoshi ba a ƙoshi ba.

Ya zauna gaban ordinater, wato kwamfuta, ya rubuta wa Kanada da Faransancinsa mai kyau cewa dalilan iyali sun hana shi. Fatiha ta riga ta shiga, kuma kafin magariba Habu zai kai labari ko'ina. Ya aika. Ya amsa wa Yamai da layi guda.

Da la'asar ya biya gidan tsohon don ya gaida Inna Zuwaira, matar da ta raine shi. Ya same ta tana tsince zogale a tsakar gida. Ko gaisuwarsa ba ta bari ya ƙarasa ba.

"Kai kuma wace irin zuciya gare ka? Babanka ya shigo ko tuwo bai taɓa ba."

"Me aka yi masa, Inna?"

"Kai za a tambaya. Tun makon jiya wani mushen lise ɗinku ya ba shi labarin Kanadan nan. Ya hana ni faɗa, wai sai ka zo da bakinka, kada ka ga kamar korarka yake. Barci ma ya ƙi yi don murna, wai ɗan wansa Suma'ila zai hau jirgi. Yau kuma ya ce kai ranka na wurin kabarin ubanka, shi ba zai tilasta wa maraya ba."

Nazir ya nemi turmi ya zauna.

Ta shiga ɗaki ta fito da wata jibgegiyar riga baƙa mai gashi a wuya, tana warin gwanjo.

"Ga ta nan. Da ƙafarsa ya zagaye kasuwar Dole yana neman wadda ta fi kauri. Sun ce ba a mayarwa. Tashi ka gwada, ai Yamai ma ana ɗan yin sanyi."

Ana tsakiyar bazara, ko kaji sun buɗe baki suna haki a gindin randa. Nazir ya miƙe ya zura hannuwansa. Ta ja masa zip har wuya, ta ja da baya tana dubawa. Rigar ta zauna masa daidai, kamar an auna.