Ƙwayar Almu da Na Raba wa Maƙwabta

Ni Kulu ban iya cewa babu ba. Haka duk matan ƙauyenmu suke, can bayan Managil inda tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki, take ƙarewa. In maƙwabciya ta aiko a sam mata gishiri sai ki sam mata, ko da miyarki za ta kwana lami. Ban taɓa zaton wannan hali ne zai ci ni ba.

Maigidana, wanda ake kira Almu, yana da ciwo mai fuska biyu. Wani lokaci ya yi wata biyu kwance yana kallon bango, ko ƙuda ba ya korewa. Wani lokacin kuma ya tashi da ƙarfin mutum goma, ba barci, ba gajiya, bakinsa a kan magana ɗaya. Kakanninmu sun baro ƙasar Sakkwato da ƙafa da niyyar Makka, suka tsaya nan noman auduga, har yau ba a ƙarasa ba. In ciwon ya motsa, sai Almu ya ga shi aka ɗora wa ƙarasa wannan tafiya. Wata rana ya saɓi 'yarmu Ikhlas a kafaɗa, tana da shekara uku, ya nufi gabas. Sai da aka kwana uku aka same su. Leɓunan yarinyar sun tsattsage, ko kuka ba ta iya yi.

Bayan nan ne muka kai shi asibiti a Madani. Likita ya ba da wasu ƙananan ƙwayoyi, ya ce kada a tsallake ko da kwana ɗaya. Ba zan yi wa maganin ƙarya ba, ya yi aiki. Bai hana kwanakin kallon bango ba, amma ya kashe wutar. Almu ya koma barci, ya daina zancen gabas. Sai dai ya yi nauyi, bakinsa kullum a bushe, hannunsa yana rawa in ya ɗauki kofin shayi. Shekara biyu muka yi a haka, ni kuwa na gode Allah.

Gab da damina likita ya ba mu na wata uku gaba ɗaya, domin ya san in ruwa ya sauka baƙar ƙasarmu takan zama kunu, lori ba ya shigowa. Na zuba su a gwangwanin madara na ɗora a kan jere.

Ramatu, matar maƙwabcinmu, ita ta fara.

"Kulu, surukina ya kwana huɗu bai runtsa ba. Sam mini guda daga na maigidanki, Allah shi saka."

Guda ɗaya ce, na ba ta. Tsoho ya yi barci har azahar, labari ya zagaya gari cewa gidan Almu akwai ƙwayar barci. Mai ciwon haƙori ta zo, mai jego ta aiko. Malam Abdussalami limanmu da kansa ya yi sallama a ƙofa. Wa zai dubi gemun liman ya ce babu? Nakan ce a raina ai gwangwanin cike yake. Ranar da na ji yatsana ya taɓa ƙasansa, ruwa ya riga ya kai sati biyar yana zuba.

Na fara raba ƙwaya gida biyu, ina ba Almu rabi. Rabin ma ya ƙare. Na bi gida-gida ina roƙon abin da na bayar, kunya kamar ta kashe ni.

"Malesh, yi haƙuri, Kulu," in ji Ramatu, "abin da anka haɗiye yana dawowa?"

Liman kuwa, wai ashe rabin nasa a ruwan dusa ya jiƙa wa jakinsa mai harbi. Na ji dariya ta taso mini, kuka ya riga ta fita.

Na kira ƙanena Ibrahim, na damƙa masa katin asibiti, na ce ya bi gefen tur'a da ƙafa har Managil, ya nemi abin da zai kai shi Madani. Ya ce kwana huɗu zai yi. Aka kwana shida ba shi ba labarinsa, hadari kuwa kullum sai ya haɗo.

A cikin kwanakin nan Almu ya fara dariya. Hannunsa ya daina rawa. Ya shiga hawasharmu, gonar da hukuma ta yanka mana, ya nome dawar duka cikin kwana biyu yana waƙa. Mutane suka riƙa tare ni a hanya suna yi mini barka, wai Almu ya warke, dama maganin ne ya danne shi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ni ma na ji daɗi. Wannan ne mutumin da na aura, mai tsokana, mai hasken ido, na kuwa yi kewarsa. Amma na san abin da ke biye da wannan haske, don haka na hana Ikhlas wuce zaure.

Rana ta bakwai da hantsi na dawo daga ɗiban ruwa na tarar da ƙofar gidanmu cike. Almu ya samo tsohuwar tayar lori, yana zaune da wuƙa da basilla yana yanka takalma. Kyauta yake rabawa. Waɗanda suka shanye masa magani ne a tsaye, kowa na miƙa ƙafa ana auna ta da kara, ana sa masa albarka. Ba wanda ya tambayi dalili.

Da suka watse sai ya ɗaga murya ya kira Ikhlas. Ta fito da gudu kafin in tare ta. Ya zaunar da ita a cinyarsa, ya auna ƙafarta, ya yanko tafi biyu ya haɗa su wuri ɗaya.

Na ce, "Malam, mi za ta yi da takalmi mai kauri hakanga? Ba ta zuwa ko'ina."

"Ta girma, Kulu," ya ce, yana murmushi. "Wanga karo da ƙahwarta za ta taka."

Na juya na dubi hanyar da Ibrahim ya bi. Babu kowa a kanta, sai laka da ruwa kwance. Na ga in har ba zan iya tsare shi ba, gara in kasance a bayansu da tulun ruwa. Na ajiye tulun, na zauna a gabansa, na miƙa masa ƙafata.

"To, auna tawa."

Ya dubi ƙafar, ya dube ni, ba fushi ko kaɗan a fuskarsa. Ya ture ta a hankali da bayan hannu.

"Ke kinka ɗaure ni shekara biyu, Kulu. Ba a kira ki ba."

Ya ci gaba da huda takalmin yarinyar.