Ludayin Ɗan Yagana

Shekarar da fari ya koro Mangawa daga gabas suka kafa bukkoki a bayan Hamdara, Delu ce ta fara hango ɗan wata baƙuwa, Yagana, a bakin rijiya. Kumatunsa ya kumbura kamar ya ƙunshi goruba, haƙora duk sun karkace. Delu kuwa, abin da ta gani da hantsi, kafin azahar gari ya ji.

"Baƙin nan da ciwo suka zo," in ji ta. "A ware musu guga, kada 'ya'yanmu su sha da moɗarsu."

Aka ware. Ranar da yaron ya rasu, ko mace ɗaya ba ta je gaisuwa ba.

Damina biyu bayan nan, Inusa, autan Delu, ya fara kukan haƙori. Wanzami ya cire haƙorin, aka yi sakiya, kumburi sai gaba yake yi. Ta goya shi suka bi motar gyaɗa zuwa Zinder.

Tabita, ma'aikaciyar asibiti, ta shafa muƙamuƙin, sannan ta dubi Delu.

"Inna, ciwon daji ne. Lokotoro ma, babban likitanmu, bai da maganinsa."

"Wurin baƙi ya ɗauka ko?"

"Ba a ɗaukarsa wurin kowa. Na gan shi ga ɗan gari, na gan shi ga baƙo."

Delu ta dawo ta faɗa wa matan gari haka, amma ina! Karatun da ta koya musu ya zauna daram. Washegari ta tarar an ware mata nata gugan.

Bakin Inusa ya daina buɗewa sosai. Ko ta ɗura masa koko sai ya dawo ta haɓa, yana kallonta da yunwa a ido. Wannan kallo ya fi komai ci mata zuciya.

Wata la'asar aka yi sallama. Yagana ce, riƙe da ɗan ludayi da aka fafe bakinsa siriri. Ta durƙusa, ta karkata kan yaron, ta zuba masa ta gefe kaɗan-kaɗan. Inusa ya haɗiye.

"Haka ake yi, Yaya," in ji Yagana. Ta miƙo ludayin, sai kuma ta ɗan janye hannu. "Na Bukar ne. Amma wallahi na wanke shi da toka, kada ki ji tsoro."

Delu ta karɓa da hannu biyu, ta fashe da kuka. Sai yau ta san sunan yaron.