Katangar Barau Mai Huji

Gidan Malama Ummussalma a Kangire a bakin gangare yake, kuma duk damina sai ruwa ya yagi ƙasar bayansa. Bana zaizayar ta kusa cim ma ɗakin da take karantar da matan unguwa. Sai ta tura ƙaninta Rabi'u a babur har Basirka, ya ɗauko Barau magini, wani dattijo marar yawan magana, don ya gina katangar da za ta tare ƙasar.

Ranar farko Barau ko cebur bai taɓa ba. Zagaya gidan ya yi ta yi, yana bin sawun ruwa, yana murza ƙasa a tafin hannu. Washegari ya sa aka haƙa harsashi mai zurfi, aka jibge duwatsu. Malama takan leƙo ta ga yana juya dutse ɗaya sau uku kafin ya samo masa mazauni. Katangar ba ta miƙe sak ba, ta ɗan jingina da tudun, hawa biyu, bayanta cike da tsakuwa, ga gajerun bututai jere a ƙasanta.

Rabi'u ya yatsina fuska. "Baba Barau, katanga da huji? Ai da bulo aka yi, aka shafe da siminti."

"Ƙasar nan in ta sha ruwa nauyi take yi," in ji Barau. "In ruwan bai fita ba, da katangar zai tafi."

"A bar shi ya yi yadda ya sani," Malama ta ce daga soro.

Da marka ta kankama, wata Laraba da la'asar sama ta ɓalle. Malama ta bar ɗalibanta, ta ɗauki lema ta zagaya baya. Ta tarar ruwa na tsiyaya ta kowane bututu yana gangarawa kwari. Ta dafa dutse, ko gezau. Ta daɗe a tsaye, har gefen hijabinta ya jiƙe sharkaf.

Bayan kwana biyu sai ga Barau, ba wanda ya kira shi. Ya tsuguna da ɗan kara yana zaƙulo laka daga bututai biyu da suka fara toshewa, ya nuna mata yadda za ta riƙa yi.

"Baba, Allah ya yi wa hannun nan albarka. Ka shigo ka huta mana."

A tsaye ya sha furar da ta kawo masa. Ya ce dawarsa na jiran maimai, ya kama hanyar tasha.