Farcen Oga

Mijin yayata bakanike ne, Oga ake ce masa, kuma duk garejinsu an san abin da ya fi kowa iyawa. Cire kilif ne, wannan ɗan abin roba da ke riƙe tiyon fetur da tiyon da tururin mai ke bi. In ya tsufa ya sha zafin inji sai ya bushe, kana matsa masa ya ce ƙas. In ya karye kuwa, sau da yawa sai an sauya tiyon gaba ɗaya, mai mota yana tsaye yana zaginka a zuci.

Oga bai taɓa karya ko ɗaya ba. Da wannan sunan yake cin abinci, har sauran kanikawa kan zo su yi masa magiya in sun haɗu da kilif mai taurin kai. Kowa ya san farcen babban yatsansa na dama ne ke aikin. Ya bar shi ya yi tsawo, ya yi kauri, ya yi baƙi ƙirin da mai, ya ɗan lanƙwashe kamar bakin cokalin shayi. Amma kar ka kuskura ka faɗa a gabansa. "Ilimi ne," in ji shi, "farce rakiya kawai yake yi."

Yaya ta tsani farcen nan kamar me. Ya yage mata zanin gado, ya ja zaren mayafinta, yara ma sun daina karɓar abu daga hannun. Ta roƙa, ta yi fushi, ta kai ƙara wajen mahaifiyarsa, duk a banza. Ranar wani hutu ya ci ya ƙoshi, barcin rana ya kwashe shi a falo, hannu na lilo. Ta lallaɓa ta datse farcen har gindi. Da ta kira ni a waya, dariya ta hana ta magana.

Washegari ya naɗe yatsan da filasta, ya ce wa mutanen gareji ƙarfe ne ya buge shi.

Ni ba na neman mutum da tsokana, sai dai in Allah ya kawo min shi har gida. A makon ne na ɗauko Yaya daga kasuwa, motata ta fara shaƙewa, ta ja ta tsaya, ta ja ta tsaya. Da ƙyar muka kai garejin. Oga ya saurari inji, ya ce famfon mai ne, yana ƙarƙashin kujerar baya. Ya zare fis, ya bar motar ta shanye sauran man da ke tiyo har ta mutu, ya ɗage kujera. Ga kilif biyu nan a wani lungu, sun yi fari fat don tsufa.

"Ka kawo ta wani makon," in ji shi. "Hannun ba lafiya."

Maƙwabcin rumfarsa yana tsaye. Mai Guduma ake ce masa, don shi duk abin da ya ƙi fita da lallami zai fita da duka. Na dubi filastar, na dubi Mai Guduma, sai bakina ya yi ƙaiƙayi.

"Oga, ashe yankan farce ma ana sa masa filasta?"

Kafin ka ce me, gareji ya taru a kanmu. Mai Guduma ya kama ciki yana dariya. "An yanke? To yau za mu ga ilimi ba ɗan rakiya!"

Oga ya harare ni, ya ɓare filastar ya yar, ya shige bayan mota ya durƙusa. Ya tura tiyon ciki, ya lalubi kunnen kilif da tsokar yatsa. Lungun ya yi ƙanƙanta, yatsan ya yi kauri. Ya gwada da hagu, ya dawo dama. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Ga sukundireba," in ji Mai Guduma da muryar tausayi. "Ɓalle shi kawai, ka shigo cikinmu. Mu ma mutane ne."

A nan ne dariyata ta tsaya, wallahi ya ba ni tausayi. In kilif ɗin nan ya ce ƙas a gaban mutanen nan, sunan da ya yi shekaru yana ginawa ya tafi.

Yaya tana kan benci tana fifita da gefen mayafi, ko a jikinta. Na ga Oga ya ɗago ya ƙura wa hannunta ido. 'Yan yatsunta sirara ne, da farata gyararru masu ɗan tsawo.

"Maman yara, zo ki haska min tocila."

Ta shiga ta ɗaya ƙofar. Ya baje kafaɗunsa ya tare wa jama'a gani, amma ni ina jikin gilashi, ina jin raɗarsu.

"Don girman Allah ki taimake ni."

"Ba kai ka ce ilimi ba ne?"

"Ilimin zan ba ki, ke ki kawo farce."

"Za ka sake tarawa?"

"Na bari," in ji shi.

"Har abada?"

"Na ce na bari! Kar ki ja tukuna. Tura tiyon ciki, ya saki nauyi. Yawwa. Kin ji wani ɗan kunne a gefe? Sa farce ki danna a hankali, kar ki ɓanƙare. Yanzu ja."

Tiyo ya zame sumul, ɗan fetur ya ɗiga a tsumma. Oga ya fito da baya, ya miƙe, ya buɗe hannuwa. "Mai ido ya zo ya duba! Ko tsagewa ya yi?"

Mai Guduma ya leƙa, ya taɓe baki. Oga ya fara wa'azi ke nan a kan haƙuri da sanin aiki, sai muka ji wani ɗan ƙaramin sauti daga cikin mota, muryar Yaya ta biyo baya, tar, kowa na ji.

"Baban yara, na tururin ma ya fita. Ai wannan ya fi na farkon sauƙi."

Ta fito tana goge yatsu da tsumma, tocilar ma ba ta kunna ba. Ihun da aka yi sai da masu fenti na can ƙarshen layi suka sheƙo a guje.

Da safe na koma ɗaukar mota. Oga na zaune a bakin rumfa, bai amsa gaisuwata ba. Can sai ga Mai Guduma ya taho yana sosa ƙeya, babu dariya a fuskarsa ko kaɗan. Ya ce akwai wata babbar mota a wajensa, kilif ɗinta ya tsufa, mai ita kuma ba ya ɗaukar wasa.

Oga ya gyara zama, ya fara naɗe hannun riga.

"A'a, zauna abinka," in ji Mai Guduma. "Cewa na yi, ko Madam za ta leƙo yau?"

Oga ya daɗe yana kallon guntun farcensa. Sannan ya laluba aljihu ya ciro waya.

"Maman yara," ya ce a hankali, "kin gama abin da kike yi?"