Zagaye Ukun da Ban Gani Ba

Ranar da na kai wa Jildou wasiƙa mai shafi shida har bakin filin ƙanƙara, ba ta ko buɗe ba. Tana zaune tana goge wuƙar da ke ƙasan takalminta na tseren ƙanƙara ta ce, "Hylke, ni ba ni da lokacin zaɓen miji. Wannan aikin Beppe ne. In ta ce kai ne, shi ke nan. In ta ce a'a, ka riƙe takardunka."

Beppe Sjoukje kakarta ce, ita ta raine ta. Shekarunta tamanin da ɗaya, kuma tun tana 'yar sha biyu take rubuta daƙiƙoƙin kowane zagaye na kowace gasa a ƙananan littattafai masu shuɗin bango. Ba ita kaɗai ba, duk yankinmu na Fryslân haka ake, har fastonmu. Ni ne kawai na tashi a ƙuryar ɗaki ina kuka a kan littattafan soyayyar Rashawa, 'yan gidanmu na gaban talabijin da fensir a hannu. Beppe ta san wannan. Wata bakwai ina zuwa gidanta, ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "mai waƙa".

Saura kwana tara gasar duniya ta tseren ƙanƙara a garin Heerenveen, Beppe ta faɗo daga keke ta karya hannun dama. Na je dubiya da furanni. Ta kalle su kamar na kawo mata mataccen kifi.

"Mai waƙa, ka iya rubuta lamba, ko sai kalmomi masu hawaye?"

"Na iya, Beppe."

"To ranar Lahadi ka zo da fensir biyu. In ka cika mini shafin Jildou daidai, sai mu zauna mu yi maganar da kake ta zagayawa."

Tsere huɗu ake yi a kwana biyu, a haɗa maki, kuma takwas na sama ne kawai ke shiga na ƙarshe, mita dubu biyar. Jildou ba ta taɓa kaiwa can ba. A wannan karon, bayan tsere uku, ta zo ta takwas da ƙyar. Bibbiyu ake tashi, an haɗa ta da wata doguwar 'yar Norway a rukunin farko.

Da azahar ɗin Lahadi filin ya cika da riguna ruwan lemo, 'yan badujala na busa, wani ƙato a bayanmu sanye da hular saniya yana zubar mini da miyar wake a wuya. A hagunmu wani dattijo ɗan Norway ne, mai jar rigar saƙa, shi ma da nasa littafin a gwiwa. Beppe ta yi masa kallo ɗaya ta matsar da jakarta.

"Kada ka bari ya leƙa namu," in ji ta. "Tun da can ba su da aiki sai kwafa."

Aka harba bindiga. Jildou ta sunkuya, hannu biyu a baya, tana yanka ƙanƙara kamar mai rubutu da alƙalami a kan farar takarda. Zuciyata ta so ta yi baiti a nan take, na danne ta. Allo ya nuna daƙiƙoƙin kowane zagaye, na rubuta. 33.4, sai 33.2, sai 33.6. Har zagaye na takwas ban kuskure ko ɗigo ba. Beppe ba ta kalle ni ba, idonta na kan jikarta, bakinta na motsi.

A na tara ƙarfin ƙafafun Jildou ya ƙare. Duk wanda ya girma a nan ya san alamar: baya ya ɗago, hannu ɗaya ya saki, baki a buɗe. Ta wuce ta gabanmu fuskarta fara fat, miyau na bin haɓarta, 'yar Norway ta yi mata nisa. Jildou ce fa, yarinyar da na kwatanta da tsuntsuwa a shafi na huɗu na wasiƙata. Na ji kamar ana yanka ni. Na rufe ido, na kifa kai a kan littafin, na yi kuka irin na mutanen cikin littattafaina. Ban ɗago ba sai da na ji ƙararrawar zagayen ƙarshe, na sha biyu.

Gurabe uku babu komai. Na dubi Beppe, tana tsaye tana kaɗa hannu mai filasta. Da sauri na cike su: 33.5, 33.3, 33.6. A raina ma kyauta na yi wa masoyiyata.

Ta gama a minti bakwai da daƙiƙa sha huɗu. Beppe ta zauna, ta karɓi littafin da hannun hagu, ta bi lambobin da ɗan yatsa sau ɗaya.

"Mai waƙa."

"Na'am, Beppe."

"A lissafinka ta yi bakwai da biyar. Ina ka kai daƙiƙa tara?"

"Wataƙila allon ne..."

"Allon ne. To tashi ka je ka gaya wa alƙalai, su ba ta lambar tagulla."

Ƙaton mai hular saniya ya leƙo ta kafaɗata, ya karanta, ya fashe da dariya, ya miƙa labarin ga na kusa da shi. Kafin rukuni na biyu ya tashi, layi uku sun san wani ɗan Fryslân ya ƙirƙiri lokacin zagaye. Wata mata ta juyo ta tambayi ɗan gidan wa ne ni.

Bayan an gama tseren mata Jildou ta hauro wurinmu cikin babbar riga, tana takawa kamar tsohuwa, tana tari. Beppe ta miƙa mata littafin. Na jira Jildou ta yi dariya. Ba ta yi ba.

"Ba ka kalla ba," in ji ta.

"Na kasa, Jildou. Kina shan wahala."

"To me ka ɗauka na zo yi? Shekara sha ɗaya ina tashi da asuba don in sami damar shan wannan wahalar a gaban mutum dubu goma. A na sha ɗaya ban ga layi ba, ban san inda ƙafata take ba, kuma ban tsaya ba. Talatin da bakwai na yi. Nawa ne. Ka mayar mini da abina."

Na zaro waya don in duba. Beppe ta buge mini hannu da filastarta.

"Ba a cika littafina daga waya. Sai daga hannun wanda ya gani."

Mu uku muka juya a hankali muka dubi dattijon Norway. Yana cin gurasa da cuku mai ruwan ƙasa, ya daɗe yana sauraronmu ko da bai ji ko kalma ba.

Beppe ta rufe ido. "Shekara sittin da tara," in ji ta, "ban taɓa roƙon mutanen nan komai ba. Je ka."

Na je na tsuguna a gabansa, na nuna masa guraben da na goge. Ya share yatsunsa, ya buɗe nasa shafin, ya riƙe mini shi da hannu biyu, yana murmushi har kunne yana kallon Beppe. Na kwafa: 35.9, 36.4, 37.1. Sai da na zo ta ƙarshen na ga abin da Jildou ta yi. Na rubuta ta da kyau fiye da duk abin da na taɓa rubutawa.

Beppe ta sake bin shafin da yatsa, ta gyaɗa kai, ta jefa littafin a jaka ta zuge.

"Jildou, in kina so ki ɗauke shi. Bai iya ƙarya ba ko kaɗan, wannan abu ne mai amfani a jikin miji. Amma ko bayan raina kada ya ƙara taɓa mini littafi."

Jildou ta zube a kujerar kusa da ni, ta ɗora ƙafafunta biyu a cinyata, masu nauyi kamar itace.

"Matsa mini," ta ce. "Kuma ka buɗe ido, maza za su fara."