Lagireton Motar Abba

Makanikin da ke ƙarshen layi yana da wata ɗabi'a wadda mutanen waje ke yabo, mutanen gidansa kuma suke shan wahalarta. Idan aka kawo masa mota ya ga abin da ya lalace ba ya samuwa nan kusa, ko mai motar yana sauri, sai ya ɗauki sifana ya zagaya bayan gareji inda tasa motar take, ya kwance nata ya ɗaura wa baƙo. "Je ka yi ta amfani da shi," zai ce, "in ka sayi naka ka dawo min da nawa." Har yau ba a ga wanda ya sayi nasa ba.

Motar doguwa ce, ruwan toka, mai faɗin but. Zaune take a kan duwatsu, domin tayoyinta na baya suna ƙarƙashin wata tasi. Matarsa, wadda ke ɗinki a ɗakin da ya haɗa bango da garejin, takan leƙo ta taga ta ce, "Injiniya, motar nan taka ta fi kowa yawo a garin nan. Babu unguwar da ba ta shiga ba, kuma ba ta taɓa motsawa daga inda take ba."

Dariya yake yi, har ranar da aka ba yara dogon hutu. Suna cin abincin rana ya share maƙogwaro ya ce, "Bana za mu je teku, wurin gwaggonku. A motarmu."

Ɗansa na tsakiya, wanda ake kira Tsinke saboda rashin jiki, ya yi tsalle har ya ture kofin ruwa. Auta bai san mene ne teku ba, amma da ya ga yayansa yana ihu sai ya kama buga cokali a faranti. Babbar 'yar, mai shekara takwas, ta ci gaba da cin abincinta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa yake kiranta Uwata.

"Uwata, ba ki ji ba ne?"

"Na ji, Abba."

"To?"

"Bara ma na ji."

Ba da rashin kunya ta faɗa ba. Da ma da rashin kunya ne, da ya daka mata tsawa ya huta. Bara ana gobe tafiya ya ba wani direba batir. Bara waccan tayoyi ne suka tafi. Duk sau biyun yarinyar ta riga ta gaya wa 'yan ajinsu, kuma da aka koma makaranta suka sa mata 'yar teku, suna tambayarta ko ta taho musu da kifi. Babban mutum in aka saɓa masa alkawari yakan yi faɗa ya huce. Yaro ba ya faɗa, daina yarda yake yi. Makanikin ya ga wannan a fuskar 'yarsa.

Washegari ya rufe gareji da wuri, ya ari baro, ya fita neman motarsa gida gida.

Direban tasin ya sha mamaki. "Haba Oga, ni na ɗauka ai kyauta ka ba ni!" Aka dai ɗaga tasin da jak aka kwance tayoyi. Madubin gefe yana jikin motar wani malamin makaranta, wanda ya rantse da shi ya sayi motar, har sai da aka nuna masa fentinsu ba ɗaya ba ne. Kujerar baya ce ta fi ba shi wuya, don wanzamin bakin titi ya mai da ita bencin da yake yi wa mutane aski a kai. Sai da wani tsoho ya miƙe, rabin kansa a aske, yana tambaya ko ƙasar nan an fara ƙwace wurin zama ne.

Duk abin da ya dawo gida, Tsinke da Auta su ne 'yan tarba. Suna jin ƙarar baron za su fito a guje.

"Mama! Fitila ta dawo!"

"Mama! Ga abin share ruwa!"

"Sannunta da hanya," in ji uwar, keken ɗinki bai tsaya ba. "Ku ba ta ruwa ta sha, ta daɗe a baƙunta."

Cikin 'yan kwanaki gidan ya kama zancen tafiya kamar zazzaɓi. Maman yara ta ɗinka labule ƙanana na gilasan baya don rana, da wani aljihun yadi da za a rataya a bayan kujera a zuba kayan wasa. Ita da maigidan suka yi ta ja-in-ja a kan hanya. Shi yana son babban titi, a miƙe a isa. Ita ta ce a bi ta tsohuwar hanya mai garuruwa.

"Kai injin kawai ka sani. Injin ba ya jin fitsari. Auta fa?"

"A sa masa fo a but."

"A but! To kai za ka riƙa sauka kana kwashe kaya duk lokacin da ya ce ya matsu? Fo a ƙafata zai zauna."

Tsinke ya tara tambayoyi. Teku ya fi filin ƙwallon makaranta girma? Ya fi. Ya fi garin nan? Ya fi. Wa ya cika shi? Uban ya ce ya tambayi gwaggo, ita ce maƙwabciyarsa. Auta kuwa ya ɗauki bokitin wanka ya ce da shi zai ɗebo tekun gaba ɗaya ya kawo gida.

Uwata tana cikin duk wannan, amma kamar baƙuwa. In an aike ta ta je. In an ce miƙo sifana ta miƙa. Da uwar ta auna ta za ta ɗinka mata rigar wasan ruwa, sai ta ce, "Mama, ki yi ta da ɗan girma, ko zan sa ta a gida." Uban yana ƙarƙashin mota, ya ji. Ya ƙara ɗaure notin da ya riga ya ɗauru.

Ana gobe tafiya motar ta sauka daga kan duwatsu. Ya murɗa makulli, ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Ihun yaran sai da ya fito da maƙwabta.

Maman yara ce ta kawo shawarar a yi gwaji. "Kowa ya shiga ya zauna inda zai zauna. Gara mu ga rigimar yau a tsakar gida da mu gan ta gobe a tsakiyar daji." Aka loda jakunkuna da kular ruwa da tabarma. Aka ɗaure Auta a kujerarsa. Uban ya riƙe sitiyari yana kwaikwayon kwana, yana cewa ga gada, ga shanu suna tsallaka titi, kowa ya riƙe da kyau. Ba a je ko'ina ba Tsinke ya ce Auta ya taka masa ƙafa, Auta ya ce yunwa, aka gano kular ruwan tana can ƙarƙashin dukan kaya.

"Ka gani ko?" in ji matar. "Ko ƙofar gida ba mu fita ba."

Makanikin ya dubi madubi yana dariya. Uwata tana zaune a gefen taga, ta ɗaga sabon labulen kaɗan tana leƙen bangon gareji kamar akwai abin kallo. Bakinta ya fara motsi, saura kaɗan ta yi murmushi.

Daidai nan aka turo wata farar mota bakin gareji, tururi na tashi daga gabanta. Mai Burodi ne, wanda ke raba wa kantuna burodi da motarsa. Shi ne mutum na farko da ya taɓa kawo wa makanikin aiki lokacin da garejin rumfar kwano ce kawai, kuma shi ya jawo masa rabin masu zuwa wurinsa.

"Oga, na shiga uku! Lagireto ya fashe, ga kaya cike, gobe da sassafe ana jira na."

Makanikin ya fito ya duba lagireton, tankin ruwan da ke sanyaya inji. Ba ɗan huji ba ne da za a like, tsagewa ya yi daga sama har ƙasa. Ya kira masu sayar da kayan gyara, suka ce sai wani mako irinsa zai iso.

Mai Burodi ya juya ya kalli motar ruwan toka, injinta yana ta aiki lafiya lau. "Ai irin naka ne. Ara min, in nawa ya zo in dawo maka da shi."

Abin kunya shi ne makanikin bai ma yi tunani ba. Hannunsa ya saba. Ya kashe injin, ya buɗe bonet, ya jira ya ɗan huce, ya sa sifana ya sassauta noti na farko, yana cewa a ransa ai jinkirin 'yan kwanaki ne, hutu da saura. Wannan ita ce maganar da ya gaya wa kansa bara. Irin wannan mutane ke kira kirki, alhali tsoro ne: ya fi jin nauyin ɓata wa na waje rai da ɓata wa na gida, domin ya san na gida ba su da wurin zuwa.

Ya ji an buɗe ƙofar baya. Muryar Uwata ta fito a hankali, babu kuka a cikinta.

"Tsinke, sauko. Ka kwance Auta. An gama wasan."

"Amma ba mu isa tekun ba!"

"Sauko kawai. Ka ɗauko jakar Mama, ni zan ɗauki kular."

Ya leƙo ta gefen bonet. Yarinyar ta riga ta buɗe but tana jawo kaya, da natsuwar wadda ta san aikin. Matarsa tana zaune a gaba, fo a ƙafarta, ba ta ko kalle shi ba.

Ya daɗe riƙe da sifanar. Sannan ya murɗa notin ta ɗaya gefen.

"Oga, ai ɗaurewa kake yi," in ji Mai Burodi.

"Na sani."

"Ban gane ba."

"Ba zan ba ka ba. Gobe zan kai yarana teku."

Mai Burodi ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga ba wasa ba ne sai fuskarsa ta canza. "Teku? Yawon shan iska? Ni ina maganar abincin iyalina kana min maganar wanka? Tekun guduwa zai yi?"

"Ba zai gudu ba. Na riga na yi musu alkawari ne."

"Alkawarin yara! Ka saya musu alewa su manta."

"Ba sa mantawa. Na gwada."

Makanikin ya ce zai kira wani mai a-kori-kura ya kwashe burodin ya raba masa gobe. Mai Burodi ya ce ba ya so. Ya tuna masa rumfar kwano, ya tuna masa mutanen da ya kawo, ya ce yau ya san matsayinsa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma makanikin ya tsaya ya sha shi bai mayar ba, gumi yana bin wuyansa. A ƙarshe mutumin ya kira masu tura masa mota. "Mu je garejin gaba. Nan kuma ni da shi har abada." Suka tura, tururin yana bin su.

Makanikin ya san ba mutum ɗaya ya rasa ba, domin Mai Burodi yana da baki kuma yana da jama'a. Ya dafa gaban motar.

Uwata ta ajiye kular a ƙasa. Ta zo ta tsaya kusa da shi, ta yi ɗage tana leƙen cikin injin.

"Abba, ka mayar da shi?"

"Na mayar."

"Ya ɗauru sosai?"

Ya ɗaga ta ya zaunar a gefen bonet, ya sa mata sifanar a hannu ya nuna mata notin. Ta kama da hannu biyu, ta cije leɓe ta ja iya ƙarfinta. Ko motsi bai yi ba. Ta sake ja. Sannan ta dube shi ido cikin ido, irin kallon da tsohuwarsa take yi masa in tana son ta gane ko ƙarya yake yi.

"In ya dawo gobe da safe fa?"

"Zai tarar mun tafi."

Ta diro ƙasa, hannunta duk baƙin mai, ta goge a jikin rigarta, uwar ta buɗe baki za ta yi faɗa ta fasa. Yarinyar ta zagaya bayan motar a guje.

"Tsinke! Wa ya ce ka sauke jakar nan? Mayar da ita! A'a, ba nan ba, can ciki, kular ce za ta zauna a baki. Mama, sai mun tafi da leda da yawa, Auta amai yake yi a mota, kin manta ranar asibiti? Kuma rigata ta yi min yawa, ki rage ta yau, ruwa zai cire min ita. Abba! Da wane lokaci za mu tashi? Ni zan tashe ku, ku ba kwa jin ƙararrawa."

"Ji mini 'ya," in ji uwar tana fitowa daga mota. "Yanzu kuma mun samu shugaba."

Makanikin ya sauke bonet, ya danna shi da tafin hannu har ya ji ya kama. Auta, wanda har yanzu ba a kwance shi daga kujera ba, ya ƙwala ihu daga ciki cewa ya matsu.